Kwalin da Ya Rufe Ƙofar Jami'a

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsayar da babbar ƙofar jami'armu cak, kusan awa guda, ni kaɗai da kwalin taliya guda ɗaya.

Ina shekarar ƙarshe a lokacin. Kowane ɗalibi a sashenmu sai ya yi semina a gaban malamai, ni kuwa na riga na yi tawa na sha ƙasa. Batun da aka ba ni shi ne siffar wasu sinadarai da ake kira enzayim, na bakteriya, masu haɗa irin sukarin da ke bambanta rukunin jini. Na haddace Turancin tsaf, na zuba musu kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Da na gama, Dakta Saratu mai kula da aikina, wata 'yar Biu da ba ta dariya da ɗalibi, ta cire gilashi ta ce, "To, yanzu faɗa mana, me abin yake yi?" Na buɗe baki, ko tari bai fito ba. Ta ba ni mako biyu. In na sake faɗuwa, sai baɗi. Ga shi a gida Wulari, mahaifiyata ta gama shaida wa unguwa cewa bana zan gama.

Shekarar da aka tsinke wa gari wutar lantarki ce, majigin sashenmu ya zama kayan ado. Sai na ce bari in ƙera abin da hannuna, su gani da ido. Na samo waya na lanƙwasa ta yadda enzayim ke nannaɗe kansa, na shafe da yumɓu, na bar rami a tsakiya. Biyu na yi, irin na jikin mutum da irin na bakteriya. Namu yana buƙatar ɗan ƙarfe a cikin raminsa, don haka na je wurin mai gyaran keke ya zubo mini 'ya'yan boris. Gwaninta ta ɗebe ni na ƙara batir da ɗan ƙwan fitila don ramin ya haskaka. A ƙarshe na jera su a kwalin taliya, na jefa agogon tebur a ciki, na saita shi ya buga ƙarfe tara, lokacin da nake zaton ina zaune a aji ina bita.

Waya, batir, boris, agogo. Duk wanda ya zauna a Maiduguri a shekarun nan ya san abin da na haɗa. Ni kaɗai ne ban sani ba (ni da ake kira mai ƙwaƙwalwa a gidanmu).

A ƙofa kuwa dokar sananniya ce: ka sauka daga napep tun daga nesa, ka bi layi, ka ajiye kayanka a ƙasa, ka ɗaga riga. Ranar seminar layin ya yi tsawo. Da aka zo kaina, Ya Modu, wani dattijon ɗan sa-kai da kullum muke gaisawa, ya gaishe ni da yarensu, ya ce, "Wushe, ɗan makaranta. Taliya ka kawo mana?" Ya goga sandar bincikensa a jikin kwalin, ta ɗau kuka. Ya ɗaga marfin da bakin gorarsa, ya leƙa. Na ga fara'ar ta bar fuskarsa. Ina shirin yin bayani ke nan agogo ya ce kirrrrr!

Wani ya yi ihu, "Bam!"

Jama'a suka watse. Mai ƙosai ta bar kaskonta, masu napep suka bar napep, wani malami ya tsallake shinge da babbar riga. To ga inda kunyar take: ni ma na gudu. Wallahi ban yi shawara da kowa ba, ƙafafuna ne suka yi abin da suka saba. Shekaru muna koyon cewa in ka ga ana gudu ka gudu, ka yi tambaya daga baya. Na wuce mutum ya fi goma, na yar da takalmi ɗaya, na faɗa lambatu na rufe kai. Daga kwalina. Kwalin da na kwana huɗu ina haɗawa.

Da na ɗago, wa zan gani kwance kusa da ni, gilashi a karkace? Dakta Saratu.

"Wane marar imani ne wannan da safiyar Allah?" in ji ta, tana haki.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Abin da na ce shi ne, "Wallahi, Ma, mutane ba sa tsoron Allah."

Agogo ya gaji ya yi shiru. Can sai wani kofur ya matsa a hankali, ya tsaya nesa da kwalin yana karanta abin da ke jikinsa da ƙarfi. Ni ne na rubuta, da manyan baƙaƙe, don kada ya ɓace: sunana, lambata, sashena. A ƙasa kuma, "Mai kula da aiki: Dakta Saratu." Ta juyo ta dube ni. Da lambatun ya fi haka zurfi da na ji daɗi.

Aka fito da ni hannuwa sama, ƙafa ɗaya ba takalmi. Kofur ya ce in buɗe da kaina, in fito da komai ɗaya bayan ɗaya, in faɗi sunansa. Na fara da Turancin da na haddace. Ya Modu ya buga gora a ƙasa.

"Kai! Yi mana da Hausa. Mene ne wannan, me yake yi?"

Tambayar Dakta ce sak, sai dai wannan karon akwai bindiga a gefe. Tsoro ya buɗe mini kai.

"Ya Modu, jinin kowa yana da ɗan sukari a jikin ƙwayoyinsa, kamar hula. Mai rukunin A da irin tasa hular, mai B da tasa, mai O kansa ba wannan hular. Wannan abin shi ne mai sa hular. Ka ga ramin nan? Nan sukarin yake shiga, wannan ɓangaren ya rufe shi, ya liƙa shi inda ya dace."

"Boris ɗin fa?" in ji kofur.

"Namu sai da ɗan ƙarfe yake aiki, yallaɓai. Wannan na bakteriya, ramin nasa daban aka gina shi, ba ruwansa da ƙarfe, amma hular da yake ɗinkawa irin tamu ce. Wasunsu ma sawa suke yi a kansu, don jiki ya ɗauka 'yan gida ne."

Ya Modu ya gyaɗa kai. "Wato su sa kayanmu su wuce ƙofa. Ai mun san irinsu." Jama'ar da suka fara dawowa suka kwashe da dariya, har da kofur. Mai ƙosai ta ce ita O ce, wa ya hana ta hula? Na yi mata bayani, ta gamsu, ta ce saura in biya ta da addu'a tunda ƙosanta ya ƙone. Wani daɗi ya kama ni a wurin, a tsaye jiƙe da ruwan lambatu, don karon farko ke nan da na ji na san abin da nake faɗi.

An ƙwace agogo da batir. Na shiga semina a makare, ina wari. Dakta Saratu ta riga ni zama, ta goge gilashinta. Na ɗauko takarduna, ta ɗaga hannu.

"Ajiye su. Yi mana yadda ka yi wa Ya Modu."

Na ci, da maki mai kyau. Da take sa hannu, ba ta ɗago ba ta ce, "Gaskiyarka, mutane ba sa tsoron Allah." Ranar na fara ganin haƙoranta.

Abin da na koya shi ne, in ba za ka iya yi wa mai gadi bayanin karatunka ba, ba ka iya shi ba tukuna. Kuma in har za ka gudu daga kayanka, kada ka rubuta sunanka a jiki.