Rasuwar Faifan da Ya Tsira Daga Michika

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, ni Zipporah ta unguwar Rumde nake sanar da rasuwar Faifan Ajiya na kwamfutata, wanda masu gyara ke kira had-dis. Ya cika a teburin Danny mai gyaran kwamfuta a kasuwar Jimeta, kuma ba tsufa ne ya kashe shi ba.

Marigayi ya baro Michika ɗaure a zanena shekarar da muka yi gudun hijira. Ya sha rana, ya sha ruwa, bai zubar da hoto ko ɗaya ba. A cikinsa kaɗai muryar Babanmu ta rage, yana rera waƙoƙin girbi. Baba bai iso Yola ba.

Mai haƙuri ne. Da safe ya ce zuuu, sai ya kama aiki.

Laifinsa ɗaya, ɗakunansa sun cika. Na kai shi wurin Danny in ji shawara: a bar shi da tsohon rabo, kowane ɗaki da katangarsa, ko a yi masa sabon tsarin da ake matsa ɗaki kamar zana? Danny ya ce katanga ƙauyanci ce, a sabon tsari har wani faifan ana iya jonawa su zama gida ɗaya. Ya jona shi da wani na gwanjo mara asali, ya raba kayan marigayi tsakaninsu, bai kwafe komai a gefe ba. Bai kuma gaya mini in ɗaya ya faɗi, gidan duka ya faɗi ba.

Na gwanjon ya fara tari, ƙas, ƙas, ƙas, ya mace, ya ja mini nawa. Danny ya ce ikon Allah ne. Allah ya isa.

Marigayi ya bar uwar kwamfuta, da caja mai ciwon wuya, da linzami, wato maus.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan gida, gindin mangwaro. Danny kada ya zo, kada ya aiko. Sauran jama'a ban da kawo abinci. Wanda ya taɓa jin Baba yana waƙa, ya zo ya rera abin da ya tuna, ko baiti ɗaya ne. 'Yata Hilda, haihuwar Jimeta, rabin waƙa ta koya daga muryar kakanta a faifan, kuma ni na manta sauran.