Yadda Na Mai da Palladan Ƙarfe

Kowa a Samaru cewa yake ban iya Turanci ba. Ƙarya ne, karantawa ce kawai ban yi ba.

Wani Dakta na jami'a ya kawo bincikensa kan ƙasar noman unguwar Palladan shagonmu na buga takardu, ya ce in gyara Turancin kafin ya tura wa mujalla. Na miƙa wa manhajar AI ta gyara, na mayar masa ban karanta ba, ina hura hanci: "Dakta, ba sai ka duba ba."

Ashe duk inda ta ga Palladan ta mai da shi faladiyam, wani ƙarfe mai tsada. Mujalla ta dawo da takardar, ƙarin girman Dakta ya wuce shi bana.

Yanzu har 'yan acaɓa tambayata suke: "Hajiya, ina ake haƙowa?"

Gobe zan sayo shebur. Wanda ya sake tambaya, in miƙa masa.