Takin da Ya Tona Asirin Gide

"Lafiya lau, Kaka. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi, maigida. Fuskarka nike tambaya, don na ga ka shigo da ita cikin aljihu."

Gide ya tsuguna a bakin ɗakin kakarsa, Hajiya Suwaibatu, yana zanen ƙasa da tsinke. A Tafoki kowa ya san in waɗannan biyu suka haɗu sai a nemi wurin zama, ita ta kira shi mijin banza, shi ya kira ta amaryar zamanin kwabo. Yau kam bakinsa ya mutu, domin labari ya riga shi isowa gida.

Gide ne ya kai buƙata ƙaramar hukuma a ba shi izinin yanka gonar gado ta bakin titi ta koma filayen gini. Hujjarsa wai ƙasar ta mutu, ta zama fako. Bai gaya wa tsohuwa ba, alhali gayaunarta, 'yar gonar da take shuka kuɓewa da yakuwa, tana kusurwar wurin. Da hantsi kwamitin da ke duba irin waɗannan buƙatu ya zo gani da ido, ga mai unguwa, ga maƙwabtan gona. Sai suka tarar da taki tari-tari, a jere daga wannan iyaka zuwa waccan. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko wa ke kai wa matacciyar gona taki. Kowa ya dubi Gide, don kowa ya gan shi da amalanke. Bazara ce ta yi, ya ga mutane na kai taki, hannunsa ya aikata abin da ya saba ba tare da ya shawarci bakinsa ba.

"An ce mani gona ta rasu," in ji ta. "Allah ya jiƙanta. Yaushe ne sadakar uku, in sa a daka gumba?"

"Kaka, ki bar ni da abin da ya ishe ni."

"Ni dai ban taɓa ganin mamacin da ake kai ma abinci da amalanke ba."

"Ba taki ba ne, shara ce. Awakinki suka cika gida da kashi, na rasa inda zan zubar."

"Shara a sahu, tazara daidai wa daida? Ashe sharar ta yi makaranta."

Ya ɗago kai, ya yi ta maza. "Ai don ke nike yi. In an yanka fuloti in gina maki bene, ki zauna sama kina shan iska."

"Ni da nike hawa gado da salati? In na hau benen kuma, da siminti zan kaɗa miya?"

"A sayo kuɓewa a kasuwa mana."

"Wa zai noma ta in kowa ya yi irin wayonka?"

"Ke fa matsalarki tsufa. Kin girmi gambar da ke iyakar gonar."

"Na girme ta. Amma ita tun da kakanka ya dasa ta ba ta taɓa matsawa ba. Ciyawa ta fi ka riƙon amana."

Wannan ta shige shi. Ya so ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne tun kafin ta faɗa, amma ya ga ko ya riga ta, shi ne dai cikin ramin. Tsohuwa ta gyara zama, ta sassauta murya, ta tambaye shi a wane fuloti gayaunarta ta faɗa. Da ƙyar ya ce nan ne aka so a yi shaguna. Kunyar da ya ji gaban kwamiti wasa ce a kan wadda ta rufe shi yanzu. Ya ce mata kwamitin ya ɗage magana sai an ji ta bakin duk mai haƙƙi a gonar, wato ita.

"Mai unguwa ya aiko," ta ce.

"Mi kika ce mashi?"

"Na ce a tambayi mijina. Amma sai da na ja ƙafata na je na gano gawar da idona."

Gide ya sunkuyar da kai, yana jiran saukar sanda.

"Tarin da ya fi kowane girma, kan gayaunata ka zuba shi. Halan shaguna ne ke son taki?"

Bai san ya yi haka ba. Ya daɗe yana kallon tsinken da ke hannunsa, idonsa ya kawo ruwa, sai kuma dariya ta ƙwace masa. Ita kuwa ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙullin irin kuɓewa, ta jefa masa a cinya.

"Kin ci, amarya," ya ce yana juya ƙullin. "Gobe zan je sakatariya in janye. Sai dai ban san da wane baki zan ce masu mamaci ya tashi ba."

"Ka ce doguwar suma ta yi. In sun nemi wanda ya yayyafa mata ruwa, ka nuna masu amalankenka."