Ƙararrawar Sista da Wilin Tirela

"Ku da kuka yi firamaren gwamnati ba karatu kuka yi ba, zaman jiran tara kuka yi. Ni da kuke gani, Sista ce ta koyar da ni da hannunta. Ku ba ni makarantar garin nan kwana huɗu kacal, ku ga yadda ake gyara yara."

Garzali ke nan, mai shagon taki da maganin feshi, yana baje mana kolinsa a teburin mai shayi na Kwanar Dangora. Abokina, in ba ka san shi ba, bari in gabatar maka. Lokacin yana yaro mahaifinsa direban gireda ne, aka tura shi aikin hanya can yankin Doguwa. Babu makaranta kusa sai ta Katolika, sai aka jefa Garzali aji biyu a can. Ko shekara bai cika ba aka dawo da uban gida. To wannan 'yan watannin su ne jarinsa yau shekara talatin da biyar. Ba ya buɗe baki sai da sunan Sista, malamar coci ta makarantar, har muka raɗa masa suna Sista-ta-ce, kuma don ƙarfin hali yana amsawa.

"A can kowa da bencinsa," in ji shi. "Farar safa, sandal a goge. Da safe a jera mu, Sista ta bi da rula tana duba farce da haƙora. Ranar Juma'a a dama mana madara. Ku fa?"

Mu kam a ƙasa muka zauna, kan buhun taki, jakar littattafanmu ma buhun ce aka ɗinke. Ranar Litinin kowa ya zo da tsintsiya, kuma rogo da ƙuli ne madararmu. Amma mun iya karatu, mun iya lissafi, kuma ni dai in faɗa maka gaskiya, gorin nan yana ƙona min rai tun muna samari.

Abin da ya tayar da maganar a ranar shi ne kujerar shugaban kwamitin iyaye na firamaren ƙauyenmu. Tsohon shugaba ya ajiye saboda ciwon ƙafa, za a zaɓi sabo ranar Alhamis, ranar da kuma jami'ar duba makarantu za ta zo. 'Yan takara biyu ne. Akwai Garzali, akwai Nu'uman masunci, wanda ruwan Tiga ya taso iyayensa suka zo nan, ajinmu ɗaya da shi, mutum ne da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Garzali kuwa ya sa kujerar nan a ransa kamar sarauta. Ya ba da ɗinkin babbar riga, ya aika wa surukansa na garin Ƙofa cewa su zo ranar Alhamis su ga yadda ake naɗa mutum.

Hedimasta, Malam Kamaluddeen, mutum ne mai gudun rigima. Da Garzali ya nemi kwana huɗun, sai ya ce, "To Alhaji, bismillah. Amma a bi a hankali."

Litinin da sassafe Sista-ta-ce ya iso makaranta da wani ƙunshi a hammata. Ya tsaya gindin darbejiyar da ke tsakiyar fili, ya ɗaga kai ya dubi tsohon wilin tirelar da ke rataye a reshe, wanda ake dukansa da guntun rodi tun muna aji ɗaya.

"Malam, wannan mene ne?"

"Ƙararrawa ce, Alhaji."

"Wannan garejin makanikai ne ko makaranta? Sista ta ce yaron da aka kira da ƙarfen bola, kansa bola zai zama. A sauke shi."

Aka sauke. Ya sa ƙafa ya gangara shi bayan ajujuwa, cikin ciyawa. Sannan ya kwance ƙunshinsa a hankali kamar mai fito da jariri, sai ga wata 'yar ƙararrawar hannu ta tagulla, mai mariƙin katako da aka ɗaure da jar waya.

"Sista ce ta ba ni kyauta," ya ce wa malamai, "saboda ban taɓa makara ba. Ku saurari muryar ilimi."

Ya kaɗa. Gaskiya tana da daɗin ji, in kana tsaye kusa da shi. Yara shida da ke shara suka yar da tsintsiya suka ruga bakin titi, sun ɗauka mai yogot ne ya zo da kekensa. Sauran yaran garin kuwa shiru.

Ga abin da Garzali bai taɓa tsayawa ya lura da shi ba, don shi ba ya tashi sai rana ta ɗaga. A ƙauyenmu yara suna fara zuwa karatun allo bayan asuba wurin Malam Khalil, can ƙarshen gari, kuma Malam ba ya duba agogo. In ya ji wili ya yi ƙara, sai ya shafa fatiha ya sallame su su tafi boko. Haka mahaifinsa ya yi, haka shi ma yake yi. Ranar nan bai ji komai ba, sai ya ɗauka hutu aka bayar, ya ce kowa ya wanke allonsa a sake sabon rubutu. Sai wajen goma yara suka fara ɓullowa ɗaya-ɗaya.

Garzali ya tare su a ƙofa da rula. "Kun gani ko? Tarbiyyar gwamnati ke nan. Kowa ya durƙusa. Kuma daga gobe farar safa, ko a koma gida."

Talata abin ya ƙara gaba. Iya Hajara mai ɗanwake, wadda ta ciyar da mu ta ciyar da 'ya'yanmu, ita ma da wilin nan take aiki. Bugun farko ta ɗora ruwa, bugun tara ta iso da tukunya tana tururi. Kwana biyu ke nan tana zuwa bayan an koma aji, tana komawa gida da kayanta. Ta shigo fili riƙe da marar kwasar ɗanwake, ko sallama a taƙaice ta yi.

"Ina wanda ya kashe mana ƙarfe?"

"Iya, ba kashewa aka yi ba, ci gaba aka kawo. Sista ta ce..."

"Sistar nan taka tana cin ɗanwake? In tana ci, ka kai mata na jiya, yana nan ya yi tsami. Garzali, ni na yi wa uwarka wankan jegonka, kar ka sa in tuna maka a gaban yara."

Malamai suka shige ofis don kada a ga haƙoransu. Shi kuwa ya gyara hula ya ce duk mai kawo gyara sai ya sha surutun jahilai.

Laraba aka tashi da ruwan sama. 'Yan yaran da iyayensu suka daure suka sayo farar safa suka zura ta cikin silifas, suka biyo ta gonaki. Da suka iso, safar ta koma launin kunun kanwa. Hedimasta ya ja shi gefe.

"Alhaji, gobe fa baƙuwa za ta zo. Ko a mayar da ƙarfen nan, ko a aika wa Malam Khalil a yi masa bayani?"

"A aika wa wa? A makarantar Sista yaro ne yake neman ƙararrawa, ba ƙararrawa ke neman yaro ba. Kunnensu ne bai saba ba. Wace ce ma baƙuwar?"

"Madam Saratu Ɗantani. An ce 'yar wajen Doguwa ce, makarantar Katolika ta yi."

Garzali ya washe baki har kunne. "Shi ke nan, Allah ya kawo 'yar gida. Gobe za ku ga yadda masu ilimi ke gane juna."

Alhamis tun bakwai ya hau kan dakalin tuta cikin sabuwar babbar riga, yana kaɗa ƙararrawa da hannun dama, in ya gaji ya koma hagu. Iyaye maza sun cika inuwar darbejiya don zaɓe, surukan Ƙofa an ba su benci a gaba. Ƙarfe takwas da rabi motar baƙuwa ta tsaya. A makarantar da ke da yara sama da ɗari uku, goma sha ɗaya ne a layi, huɗu a cikinsu 'ya'yan Garzali ne da ya koro da kansa.

Madam Saratu ta fito, mace gajera mai tabarau, ta gaisa da dattawa cikin ladabi, sannan ta dubi layin.

"Hedimasta, ina yaranka?"

Kafin Malam Kamaluddeen ya haɗiye yawu, Garzali ya diro daga dakali.

"Ranki ya daɗe, barka da zuwa. Gyara muke yi, irin namu na can. Ai ni ma ɗan Sista ne. Na tarar suna dukan wilin mota kamar masu faci, na kawo musu wannan. Kyautar zuwa da wuri ce, daga hannun Sista."

Ya miƙa mata da hannu biyu, yana satar kallon surukansa. Madam ta karɓa. Ta juya ta, ta shafa jar wayar da ke jikin mariƙin. Sannan ta cire tabarau ta kafa masa ido.

"Kai ne Garzali ɗan direban gireda?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Kun ji ko? Har sunana ta tuna."

"Yaya zan manta? Kai ne kullum sai an tashi tara kake isowa, gwiwarka har ta yi kanta don durƙuso." Ta ɗaga ƙararrawar yadda kowa zai gani. "Wannan wayar babana ne ya ɗaura ta, da mariƙin ya tsage. Ni ce mai kaɗa ta a shekarar. Wata Litinin na ajiye ta a kan taga na shiga shara, na fito babu ita. A makon ne aka yi wa babanka canjin wurin aiki."

Kowa ya juyo yana kallon Garzali.

"Ranki ya daɗe, wataƙila... ai ƙararrawa tana kama da ƙararrawa."

"Alhaji, sati biyu na yi ina yankan ciyawar filin ƙwallo da langa-langa, a kan laifin da ban yi ba. Ga tabon nan a yatsana. Ina kuka ina yanka."

Can Garzali ya ce, da wata 'yar murya da ban taɓa jin sa da ita ba, "Yarinta ce. Na ɗauka in babu ƙararrawa, babu makara."

"To ga shi ka sake gwadawa," in ji Madam, tana nuna yara goma sha ɗayan.

Wallahi na so in ji tausayinsa, amma dariya ta riga ni. Babban surukinsa ya sunkuyar da kai yana ta gyaran carbi. Nu'uman kuwa tashi ya yi ya zagaya bayan ajujuwa, ya gangaro da wilin, mutum biyu suka kama masa aka rataye, ya ɗauki rodi ya maka masa sau uku. Ƙarar ta ratsa gari har bakin fadama. Minti goma ba a yi ba sai ga yara ta kowace hanya, wasu da tawada a yatsu, suna gudu suna gyara riga. Daga nesa kuma hayaƙin murhun Iya Hajara ya tashi.

A nan aka yi zaɓe da ɗaga hannu. Nu'uman ya samu kowa. Garzali ya samu hannu ɗaya, nasa, shi ma rabi ya ɗaga don kafaɗar ta gaji da kaɗa ƙararrawa.

Malam Kamaluddeen, wanda kwana huɗu yana haɗiye magana, ya matso ya tambayi baƙuwa cikin ladabi. "Ranki ya daɗe, to da ta ɓace, me kuka koma kaɗawa a can makarantar Sista?"

"Wilin mota," in ji ta. "Fada, limamin cocin, shi ya samo shi a gareji. Har yau shi suke bugawa."

Ta buɗe jaka ta saka ƙararrawar, ta zuge zif. Har ta juya za ta shiga ofis, sai ta tsaya ta dubi filin ƙwallonmu, wanda ciyawar damina ta kai gwiwa.

"Af, na tuna. Sista ta bar saƙo kafin ta koma ƙasarsu. Ta ce duk ranar da aka gano wanda ya ɗauka, sati biyun nan nasa ne."

Garzali ya dubi Hedimasta, ya dubi surukansa, ya dubi babbar rigarsa. "Haba jama'a, da girmana?"

Sabon shugaban kwamiti ya riga ya shiga sito ya fito. Ya miƙa masa langa-langa da hannu biyu, cikin girmamawa, ya yi maganarsa ta farko a ranar.

"Alhaji, ba mu muka ce ba. Sista ta ce."