Ɗalibin da Ba Ya Son Ya Gama

Akwai wani wasan kwaikwayo da wata tashar talabijin ta daɗe tana nunawa bayan azahar, lokacin da matan gida suka sauke tukunya, teloli kuma suka ɗan ɗaga ƙafa daga keke. Labarin 'yan kwaleji ne, da soyayyarsu da rigimar ɗakin kwana. Dokar wasan ɗaya ce tun farko: duk ɗalibin da ya gama karatu a cikin labari, aikinsa ya ƙare ke nan. Shi ya sa a wannan kwalejin babu mai addu'ar cin jarrabawa. Da zarar ƙarshen zango ya gabato, sai 'yan wasa su dami marubucin, Malam Jibo, da gaisuwa, kowa na roƙon a kayar da shi.

Babu wanda ya kai Tanimu ƙwarewa a wannan roƙo. Ya shiga wasan yana saurayi siriri. An kayar da shi, an kama shi da satar amsa, an sauya masa sashe, har akuya an taɓa sawa ta cinye takardunsa. Yau ga tumbi ya fito, sai ya rina gemu kafin a kunna kyamara, kuma wanda yake fitowa a matsayin malaminsa abokin ɗansa ne.

Ran nan ya ga an kawo rigar bikin yaye ɗalibai, babba, daidai jikinsa. Ya nufi ofishin Malam Jibo, ya zauna a ƙasa, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya roƙa a taimaka a sake kayar da shi, ko da sau ɗaya ne.

Malam Jibo ya ce dabara ta ƙare masa, masu kallo kuma sun fara yi musu dariya.

"Baba Tanimu, don Allah faɗa mini, wace ƙarya ce ta rage da zan rubuta mutane su yarda mutum ya yi furfura bai gama kwaleji ba?"

Tanimu ya gyara zaman hularsa.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce ka yi ƙarya? Rubuta cewa malamai sun tafi yajin aiki."