Ranar da Na Shafa wa Baffa Baƙi

Ni na gina wa zuriyarmu wiki, shafin intanet mai tarihin kowa, daga Kaura Namoda har Shinkafi. Na ƙara wata dabara da har gobe nake alfahari da ita: kowane suna da za a latsa ya ɗauki launin rukuninsa. Masu rai kore, mamata baƙi. Na tura wa dangi ina cewa, "Ku ga amfanin boko."

Na manta Baffa Usmanu na Zurmi sunan kakansa ya ci. Shafi biyu, suna ɗaya, sai na jefa mai ran cikin mamata.

Kafin la'asar motoci biyu sun iso Zurmi, mata na salati. Suka tarar da mamacin a ƙofar gida yana shan fura.

Ya kira ni a waya. "Ɗana, mi na yi maka? Ko ciwon kai ban yi ba!"

Na ce, "Baffa, amma dai launin ya yi aiki."

Har yau in na shiga taron suna, sai ya ce, "Ku gyara zama, ga mai fenti. Yau wa za a shafa wa baƙi?"