Tulunan da Na Yi Oda daga Turai

Zoɓo nake sayarwa a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, lokacin da na ga tallar tulunan haɗa abin sha a intanet. Turancina kaɗan ne, amma hoton ya burge ni, na yi oda. Na cika unguwa da labarin masana'anta zan buɗe.

Wata uku shiru. Kamfanin ya rubuto cewa ma'aikatansu sun watse saboda ƙarancin albashi, babu mai ɗaure kaya. Na mayar da zazzafar amsa: su ƙara wa bayin Allah albashi, su turo mini kayana.

Suka turo. Na shiga ofishin kwastan ina faɗan an ɓata mini lokaci. Jami'in ya buɗe kwalin, ya dube ni.

"Ya Hajji, na dafa giya ne fa. Kawo iƙamarka, takardar izinin zamanka."

Kwana tara na yi a tsare. Kafilina, Balaraben da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, ya fito da ni, ya ce, "Halas, shi ke nan, nemi wani kafilin." Masu sayen zoɓona suka gudu. Matata ta yi wata ba ta leƙa waje ba don kunya.

Har yau in na shiga sahu a masallaci, sai wani ya raɗa, "A matsa wa Alhaji Burkutu."